Ƙurɗuba a Wuni Guda: Masallacin da Ya Tsira da Fadar da Ta Rushe

Birnin Ƙurɗuba, wanda taswirorin yau ke rubutawa Cordoba, yana kudancin ƙasar Sifaniya a gaɓar kogin Guadalquivir, kuma tun da aka buɗe layin jirgin ƙasa mai gudun gaske tsakanin Madrid da Sabiliya a shekarar 1992 ya zama garin da baƙo zai isa da hantsi, ya zaga da ƙafa, ya koma masaukinsa kafin dare ya raba, domin tafiyar daga Madrid ba ta kai awa biyu ba, daga Sabiliya kuwa ba ta cika awa guda ba. Sunan garin ba baƙo ba ne a zaurukan karatu na ƙasar Hausa, inda ake karanta tafsirin Alƙurɗubi da Muwaɗɗa ta riwayar Yahaya ɗan Yahaya Allaisi, malamin da ya rayu a wannan birni har ya rasu a 848, sai dai kaɗan ne daga masu karatun suka san yadda garin yake a ƙasa. Wuni guda ba ya isa a san Ƙurɗuba, amma yana isa a ga wani abu da gine-ginenta ke nunawa ƙarara: ginin da aka ci gaba da shiga ana fita, ko da an sauya masa addini da suna, shi ne ya kawo yau a tsaye, wanda aka ƙaurace wa kuwa, duk ƙawarsa, ya koma wurin ɗibar dutse.

Ya fi kyau a fara daga kudancin kogi, a gindin hasumiyar Calahorra, wadda asalinta ginin tsaro ne na zamanin Musulmi kafin Sarki Enrique na Biyu na Kastila ya faɗaɗa ta a 1369, domin daga nan ne ake ganin birnin kamar yadda ayari mai tahowa daga kudu ke ganinsa a da. Rumawa ne suka kafa garin a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, suka mai da shi hedikwatar lardinsu na Betika, suka kuma ɗora gada a kan kogin a ƙarni na 1 kafin haihuwar tasa. Gadar da ake takawa yau mai baka 16 ce, ana kiranta gadar Rumawa, alhali kuwa an sha sake gina ta tun daga farkon zuwan Musulmi a ƙarni na 8, har abin da ya rage na aikin Rumawa bai taka kara ya karya ba. A bakinta na arewa akwai ƙofar da aka gina a shekarun 1570, zamanin Sarki Filibus na Biyu, can gefe kuma ga babbar ƙafar katako ta Albolafia, wadda a da ke ɗebo ruwa daga kogi zuwa lambunan fada. Daga ƙofar gada zuwa katangar masallaci taku kaɗan ne.

Wanda ya aza harsashin masallacin shi ne Abdurrahman na Ɗaya, jikan halifofin Banu Umayya na Dimashƙa, wanda ya tsere wa kisan da Abbasiyawa suka yi wa danginsa bayan 750, ya ratsa arewacin Afirka, ya ƙetare zuwa Andalus, ya kafa mulki a Ƙurɗuba a 756. Sai da ya yi kusan shekara 30 a kan gado kafin ya soma ginin, wajen 785, kuma marubutan Larabci na baya sun ruwaito cewa ya sayi filin ne daga hannun Kiristocin da ke da majami'ar San Vicente a wurin, riwayar da masu tonon kayan tarihi ke ta muhawara a kanta har yanzu, ko da yake an gano ragowar wani gini mai daɓen ado na kafin Musulunci a ƙarƙashin masallacin. Ginin farko yana da layuka 11 masu miƙewa zuwa bangon alƙibla. Abdurrahman na Biyu ya ƙara masa tsawo wajen kudu tsakanin 833 da 848, wato a daidai shekarun da Yahaya Allaisi ke da faɗa a ji a fadarsa, mazhabar Malikiyya kuma ke kafuwa da gindinta a Andalus.

Baƙo yana shiga ne ta harabar alwala, wadda yanzu ake kira farfajiyar lemo saboda itatuwan lemon da aka dasa a ƙarshen ƙarni na 16, jere da jere daidai da layukan ginshiƙan ciki. A zamanin da ake salla a wurin, ɗakin salla a buɗe yake ga wannan haraba ta bakuna masu yawa, haske na kwarara ciki, amma da aka mai da shi majami'a sai aka toshe yawancinsu da bango don a sami wurin ƙananan ɗakunan addu'a, shi ya sa duhun da ke tarbar mai shiga a yau ba ya cikin niyyar maginan farko. Doguwar hasumiyar ƙararrawa da ke arewacin harabar, mai tsawon mita 54, riga ce aka sa wa hasumiyar kiran salla da Abdurrahman na Uku ya gina a 951 zuwa 952: da guguwa ta yi mata ɓarna a 1589, sai magini Hernán Ruiz na Uku ya soma lulluɓe ta da sabon gini a 1593, tsohuwar kuma tana nan a ciki.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa a cikin ɗakin salla shi ne dabarar bakuna masu hawa biyu, wadda wata matsala ce ta haife ta. Maginan Abdurrahman ba su sassaƙa sababbin ginshiƙai ba, tattaro na marmara da na wasu duwatsu suka yi daga kufan gine-ginen Rumawa da na Bisigot, ƙabilar da ta mulki ƙasar kafin 711, kuma waɗannan ginshiƙai gajeru ne, sirara, ba kuma tsawonsu ɗaya ba, ta yadda da an ɗora musu rufi kai tsaye da ɗakin ya zama tamkar rami mai faɗi. Sai suka aza wa kowane ginshiƙi wani dogon turken gini a ka, suka haɗa turakun daga sama da baka mai siffar rabin da'ira, wanda shi ke ɗauke da rufi da magudanar ruwan sama, sannan a ƙasa suka sa wani bakan mai siffar kofaton doki, wato wanda ya zarce rabin da'ira ya ɗan tsuke a gindi, wanda ba ya ɗauke da nauyin komai, aikinsa kawai ya tokare turakun kada su karkace. Kowane baka an jera shi da farin dutse da jan tubali ƙonanne, ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ba wa wurin launinsa da duniya ta san shi da shi. Masana da dama na ganin an ɗauko tunanin ne daga gadar ruwan Rumawa da ke Merida, wadda ita ma ke da bakuna hawa-hawa da cakuɗin dutse da tubali, bakan kofaton doki kuma Bisigot sun riga sun yi amfani da shi a majami'unsu. Wanda ya sunkuya ya dubi gindin ginshiƙan wannan sashe zai ga yadda aka daidaita tsawonsu, wani an ɗora shi a kan matashi, wani an ɗan nutsar da shi cikin daɓe, kawunansu kuma kowanne da irin sassaƙarsa, shaidar cewa daga gidaje daban-daban suka fito. Ginshiƙai 856 ake ƙirgawa a ginin yau.

Ƙololuwar ƙawar masallacin tana can kudu, a ƙarin da Halifa Alhakam na Biyu ya soma da hawansa gado a 961. Ubansa Abdurrahman na Uku ya ɗauki laƙabin halifa a 929, yana ja da Abbasiyawan Bagadaza da Faɗimiyawan arewacin Afirka, saboda haka ginin ɗan nasa sanarwa ce ta siyasa kamar yadda yake wurin ibada. Alhakam ya keɓe maƙsura, wato sashen da ke gaban mihrabi inda halifa da muƙarrabansa ke salla cikin tsaro, ya kewaye ta da bakuna masu kunnuwa da yawa da ke sarƙe da juna, ya kuma yi mata hanya rufaffiya daga fada ta bayan bangon alƙibla don kada sarki ya ratsa sahu. Mihrabin ba ɗan lotsawar bango ba ne kamar yadda aka saba, ƙaramin ɗaki ne sukutum mai rufin siffar ɓawon kifin teku, wanda ke mayar da muryar liman zuwa ga mamu, kuma ƙananan ginshiƙai huɗu da ke bakinsa an ciro su ne daga mihrabin Abdurrahman na Biyu, don a nuna cewa gidan sarauta bai yanke ba. Fuskar mihrabin an lulluɓe ta da adon gutsattsarin gilashi, ƙanana kamar ƙwayar masara, masu ruwan zinariya da shuɗi da kore, waɗanda aka jera suka fitar da rassan itatuwa da ayoyi cikin rubutun Kufi. Masanin tarihi Ibn Izari ya ruwaito cewa halifan ya nemi gwanin wannan sana'a daga sarkin Rumawan Ƙusɗanɗiniya, aka aiko masa da shi tare da ƙinɗari 320 na gutsattsarin, yana koyi da Halifa Alwalid da ya ƙawata masallacin Dimashƙa da irin wannan ado.

Sama da maƙsurar akwai ƙubbobin da suka fi komai a wurin ba wa magina mamaki. Maimakon haƙarƙarin ƙubba su haɗu a tsakiya, sai aka ja guda takwas suna giciye da juna gefe-gefe, suka bar tsakiyar a sake, suka fitar da tauraro mai kusurwa takwas, a kansa kuma aka ɗora ƙaramar ƙubba, haske na shigowa ta tagogin da ke tsakaninsu. Wanda ya san daurin guga na masallacin Juma'ar Zariya, inda bakan gizo ke giciye don a rage faɗin da azara za ta ɗauka, zai fahimci hikimar nan take, ko da yake kowane gini da nasa asalin, wancan na laka da azara, wannan na sassaƙaƙƙen dutse. Wani abin lura shi ne alƙiblar masallacin ta fi karkata kudu, alhali Makka tana gabas maso kudu da Ƙurɗuba. Masana sun ba da dalilai mabambanta, daga bin tsarin titunan Rumawa da aka tarar zuwa bin fahimtar magabata game da alƙibla, kuma Alhakam, da ya sami damar gyarawa, ya zaɓi ya bar ta yadda kakanninsa suka kafa.

Ƙari na ƙarshe na Almansur ne, wazirin da ya riƙe ragamar mulki a madadin Halifa Hisham na Biyu. Kogi ya hana a ƙara matsawa kudu, sai ya faɗaɗa wajen gabas da layuka 8 daga 987, suka zama 19, mihrabi ya daina zama a tsakiya, ginin ya kai kimanin mita 180 a tsawo da 130 a faɗi. Shi ne ƙari mafi girma, kuma mafi rauni ta fuskar gwaninta: bakunansa duk na dutse ne, jan fenti aka shafa don a kwaikwayi tubali. Ladarsa ga mai tarihi ita ce alamomi da sunayen da masassaƙa suka bari a jikin ginshiƙai, waɗanda ke nuna hannun ma'aikatan da littattafan fada ba su ambata ba.

Sarki Fernando na Uku ya ci birnin a 1236, aka tsarkake masallacin bisa al'adar Kirista, ya zama babbar majami'ar gari. Kusan shekara 300 ba a yi masa babban sauyi ba, har ma an riƙa ɗora wa magina da kafintoci Musulmi da suka rage a garin aikin kula da shi, kuma ɗakin addu'ar sarauta da aka gama a 1371 an ƙawata shi da sassaƙar farar ƙasa irin ta Mudejar, wato salon ginin Musulmi da aka ci gaba da yi a ƙarƙashin mulkin Kirista. A 1523 ne Bishop Alonso Manrique ya ƙuduri aniyar dasa sabuwar majami'a a tsakiyar ɗakin sallar. Majalisar gari ta ƙi, har ta yi shelar hukuncin kisa ga duk maginin da ya sa hannu a rushewar, amma Sarki Carlos na Biyar ya goyi bayan bishop, kuma ana danganta masa nadama daga baya, cewa da ya ga aikin ya zargi malaman majami'ar da ɓata abin da babu irinsa don gina abin da ake samu ko'ina. Iyalan Hernán Ruiz, kaka da ɗa da jika, su suka ja aikin, aka rufe ƙubbarsa a 1607, kujerun mawaƙa na katakon mahogani kuma Pedro Duque Cornejo ya sassaƙa su a tsakiyar ƙarni na 18. Ba a musun cewa wannan gini ya yanke wa ido tafiyar da yake yi cikin jerin ginshiƙai, ya kuma ci wani yanki na tsakiyar ɗakin. Sai dai adalci ya sa a dubi abin da ya sami takwarorinsa: babban masallacin Sabiliya an rushe shi daga 1401 aka gina sabuwar majami'a, hasumiya da haraba kaɗai suka tsira, na Toledo ma an share shi tun ƙarni na 13. A Ƙurɗuba kaɗai mutanen gari suka ɗauki tsohon ginin a matsayin nasu, suka yi ta gyaran rufinsa ƙarni bayan ƙarni. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1984, ta ƙara da tsohon birnin a 1994. Har yau majami'a ce mai aiki, ba a yarda Musulmi su yi salla a ciki ba, kuma rajistar mallakarsa da hukumar majami'ar ta yi a 2006 ta tayar da ƙurar da ba ta gama kwanciya ba.

Daga arewa maso yammacin masallaci ake shiga tsohuwar unguwar Yahudawa, mai lunguna ƙunci da fararen bangaye. A nan ne ɗakin ibadarsu da aka gina a 1315 yake, ƙaramin ɗaki mai bene na mata, bangonsa cike da sassaƙar Mudejar da rubutun Ibrananci, ɗaya daga uku kacal irinsa na wancan zamani da suka rage da kamanninsu a Sifaniya, sauran biyun suna Toledo. Shi ma amfani ne ya cece shi: bayan korar Yahudawa a 1492 ya zama asibitin masu ciwon haukan kare, daga baya ɗakin addu'ar ƙungiyar masu ɗinkin takalma, aka shafe adon da yaɓe, har sai da yaɓen ya zube a 1884 rubutun ya bayyana. Kusa da shi akwai gunkin tunawa da Musa ɗan Maimun, likita kuma malamin Yahudawa haifaffen garin, a jikin ganuwa kuma na Ibn Rushd, alƙali mai littafin Bidayatul Mujtahid, wanda aka haifa a 1126. Fadar sarakunan Kirista da Alfonso na Sha Ɗaya ya gina a 1328 ba ta buƙatar dogon lokaci. A garin ne matuƙin jirgin ruwa Kolombus ya nemi goyon bayan sarakunan lokacinsa, Fernando da Isabel, fadar kuma ta daɗe tana zaman kotun binciken aƙida, amma lambunanta da tafkunanta sun fi ɗakunanta daɗin gani.

Da rana ta take, musamman a Yuli da Agusta da zafi kan haura digiri 40, sai a gane dalilin tsarin gidajen garin. Gida yana juya wa titi baya, ana shiga ta ɗan soro mai ƙofar ƙarfe, a tarar da tsakar gida mai rijiya ko maɓuɓɓuga, daɓen tsakuwa da ake yayyafa wa ruwa, da tukwanen furanni rataye a farin bango har sama, waɗanda ake ba ruwa da gwangwani ɗaure a bakin doguwar gora. Tsarin ya taso daga Rumawa, Musulmi suka inganta shi, talakawan da suka riƙa zaman haya gida ɗaya suka riƙe shi. A watan Mayu ake buɗe waɗannan gidaje ga jama'a ana gasa, bikin da UNESCO ta amince da shi a 2012, wanda ya zo a wani watan kuma gidan Viana mai tsakar gida 12 ya ishe shi.

Ragowar wunin na Madinatuz Zahra ne, kimanin kilomita 8 yamma da gari, a gindin tsaunukan Sierra Morena. Abdurrahman na Uku ya soma ta tsakanin 936 da 940 don ta zama mazaunin halifanci. Tatsuniya ta ce saboda wata kuyanga ya gina ta, amma dalilin da ya fi ƙarfi shi ne gasa da Faɗimiyawa, waɗanda su ma suka kafa sabon birni don halifansu. Faɗinta hekta 112, a hawa uku bisa gangaren dutse: gidan halifa a sama, zaurukan karɓar baƙi da lambuna a tsakiya, masallaci da gidajen jama'a a ƙasa, ta yadda jakada zai yi ta hawa kafin ya kai ga sarki. Masallacinta, saɓanin na cikin gari, ya fuskanci kudu maso gabas. Nan aka mayar da gidan buga kuɗi a wajen 947, kuma zinariyar da aka buga dinaren halifanci da ita wani kaso mai yawa daga Afirka ta Yamma ta fito, ta hanyar ayarin Sijilmasa, abin da ya sa Banu Umayya suka kama birnin Sabta a 931 suka yi ta kokawa a kan Magrib.

Birnin bai cika shekara 80 ba. Da yaƙin basasa ya ɓarke bayan zamanin Almansur da 'ya'yansa, aka wawashe shi aka ƙone tsakanin 1010 da 1013, halifancin kansa ya ƙare a 1031, birnin kuma ya koma kufai. Ginshiƙansa da kawunansu sun watsu zuwa gine-ginen Sabiliya da wasu garuruwa, a ƙarni na 15 aka kwashi duwatsunsa aka gina gidan sufayen San Jerónimo da ke kan tudun kusa, har mutanen yankin suka manta abin da kufan yake, suna zaton tsohuwar Ƙurɗuba ce ta Rumawa. Kayan fadarsa suna gidajen tarihi na ƙasashe dabam-dabam, kamar batta ta hauren giwa da aka sassaƙa wa Yarima Almugira a 968, wadda ke Louvre a Faris. Ricardo Velázquez Bosco ya soma tono a 1911, Félix Hernández ya gano babban zauren karɓar baƙi na 953 zuwa 957 a 1944, kuma tun daga lokacin ake ta haɗa dubban ɓaraguzan sassaƙaƙƙen dutsen bangonsa, gutsure bayan gutsure, ana mayar da kowanne mazauninsa. Gidan adana kayan tarihin da aka buɗe a gindin wurin a 2009, wanda aka nutsar da yawancinsa cikin ƙasa don kada ya tare kufan, ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 2010, UNESCO ta sa birnin cikin jerinta a 2018, kuma abin da aka tone zuwa yanzu bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa ba.